Yadda Bagobiri zai ci wasan alewa bai ci bashi ba

Kafin ka taɓa komai, je ka yi caji. Wanda ya zauna Sabon Birni ko Isa ya san soket ɗin yawancinmu yana bakin kasuwa, a rumfar mai caji, inda janareta ko farantin sola ke ciyar da wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta. Ka miƙa wayarka, ka karɓi lambarka, ka tafi harkarka. Kada ka dawo bayan minti goma kana roƙon a ara maka ita ka ƙarasa mataki ɗaya. Mataki ɗaya ba ya zuwa shi kaɗai, da ƙannensa yake tafe, kuma mai caji ya gaji da jin wannan zance.

To, batir ya cika. Wasan da ya fi cika wayoyin Tecno da Itel na samari da matan aure shi ne na jera alewa, Candy Crush Saga, wanda kamfanin King ya fitar a 2012. Allo ne cike da alewa kala-kala, ka musanya biyu da ke maƙwabtaka, uku masu launi ɗaya su yi sahu, su fashe, na sama su zubo su cike gurbin. Kafin shi an yi Bejeweled na kamfanin PopCap a 2001, mai duwatsu masu ƙyalli a maimakon alewa, kafin shi kuma wani mutumin Rasha ya yi Shariki a 1994. Na kawo waɗannan shekarun ne don ka ga duk yara ne. Kai da ka tashi kana ganin dattawa a gindin bedi suna haƙa gidaje talatin a ƙasa, biyar a tsaye shida a kwance, wannan da karare goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, kowa na neman ya jera uku ya cinye ɗan abokin karawarsa, ba ka da dalilin shiga wasan alewa kana sunkuyar da kai. Dara ta riga su duka sanin daɗin jera uku. Shiga da ƙafar dama, gadonka ne aka shafa wa sukari.

Sai dai akwai inda hanya ta rabu, kuma a nan manya ke tuntuɓe. A dara, jera huɗu ba ci ba ne. A wasan alewa kuwa huɗu riba ce, tana haifar da alewa mai zane wadda ke share layi guda tun daga farko har ƙarshe. Biyar a sahu ɗaya tana ba ka dunƙulen nan baƙi mai ɗige-ɗige, wanda in ka haɗa shi da ja, duk wata ja da ke allon ta tafi. In biyar ɗin ta yi kwana, sai ka sami ƙunshi mai fashewa sau biyu. Na ga wani kawu a bakin tasha, gwanin dara ne da ba a zama gabansa sai an shirya, an ba shi waya ya gwada. Huɗu ta fito fili, yaron da ke leƙe ta kafaɗarsa har yana rawar jiki.

"Kawu, ga huɗu nan, ja wagga!"

"Kai ɗana, huɗu ba ta ci. Haka muka ishe ta ga iyayenmu."

Ya kauce mata, ya jera ukunsa cikin natsuwa. In kana da irin wannan kawu, kada ka yi masa gardama a gaban jama'a. Bari sai kun keɓe, ka ja huɗun da kanka, ka bar shi ya ga yadda layi ke tashi. Daga ranar wayar za ta riƙa daɗewa a hannunsa fiye da naka, wannan kuma kai ka jawo.

Abin da dara ta koya maka wanda zai yi maka rana shi ne kallo kafin motsi. Wasan yana ƙirga maka taku, kuma kowane mataki da abin da yake nema: wani a share santsin da ke ƙarƙashin alewa, wani a sauko da wani abu har ƙasa. Duba abin da aka tambaye ka tukuna. Mutane da yawa sun ƙarar da takunsu suna fasa alewa a gefen da ba aiki, suna murna da ƙarar da take yi. Fara daga ƙasan allo, don duk abin da ka cire a can yana girgiza na sama, sau da yawa su yi ta fashewa da kansu ba ka biya ko taku ɗaya ba. In ka daɗe ba ka motsa ba, wasu alewa za su fara ƙyafta maka ido suna nuna hanya. Hanya ce, amma ba lallai ta zama mafi kyau ba, don haka ka gode musu ka ci gaba da dubawa. Kuma in ka sami alewa biyu na musamman suna maƙwabtaka, haɗa su da juna, kada ka kashe su ɗaiɗai.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Rai biyar ake ba ka. Duk matakin da ka faɗi, ɗaya ya tafi, kuma sai bayan rabin sa'a yake dawowa. A daidai lokacin da taku ya ƙare saura santsi ɗaya tak, zuciya na tafasa, a nan wasan zai fito maka da fara'a ya ce ga ƙarin taku biyar in za ka biya. An gina shi ne domin wannan daƙiƙar. A 2016 kamfanin Activision Blizzard ya sayi King a kan dala biliyan 5.9, kuma wannan dukiya daga aljihun masu cewa "sau ɗaya kawai" ta taru. Kuɗin albasarka da ka sha sanyin fadamar Rima kana ban ruwa, kuɗin waken da matarka ta ajiye don sallah, ba su da abin yi a can. Ka rufe, ka jira. Rabin sa'a ya isa ka zuba wa tumaki dusa, ka leƙa maƙwabci da jiki, ka dawo ka tarar rai ya tsiro. Mutanen da birninsu Alƙalawa ya faɗi a 1808, suka sake tashi suka kafa Tsibiri da Sabon Birni, ai ba mataki ɗaya na alewa zai sa su rasa haƙuri ba.

Samari za su ce maka akwai dabara: ka tura agogon waya gaba, rayuka su cika nan take. Kada ka yi. Za ka manta ka mayar da shi, ka tashi mutanen gida sahur ƙarfe sha biyun dare, ko ka isa masallaci tun ba a kira La'asar ba kana tambayar me ya sa liman ya makara. Haka nan duk wasan da ya yi maka tallar zai biya ka kuɗi in ka fasa ƙwallaye, goge shi tun bai zauna ba.

Wajen zaɓen wasa, ƙasarmu tana da nata sharaɗin. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa na ciki. Wanda ya ga wannan lokaci ya san yadda waya ta koma tocila da agogo, da yadda aka riƙa neman layin Nijar don a ji muryar 'yan'uwa. Wasannin da ba sa buƙatar intanet su suka rage suna aiki, kuma ban raina abin da suka yi ba. Yaron da aka rufe makarantarsa, matar da ta baro ƙauyensu ta zo gari tana zaman jiran labari, in suka sami rabin sa'a hankalinsu ya sauka a kan launi da lissafi, wannan rahama ce. Saboda haka kafin ka saba da wasa, kashe data ka gwada shi. In ya buɗe ya yi aiki, riƙe shi, ka tura wa na kusa da kai ta Xender. In ya tsaya yana juya maka zobe, ba ɗan gari ba ne. Mazauna bakin iyaka kuma su lura, waya takan kama layin Nijar da kanta, talla ɗaya ta bidiyo ta lashe katin da aka sa da safe.

Wasu kan sa waya a yanayin jirgin sama don su huta da talla. Da rana a cikin jama'a ba laifi. Da dare kuwa, ina roƙonka, kashe data kawai ka bar layi a buɗe, domin a wannan yanki kiran tsakar dare yana iya zama na ɗan'uwa da ke son ka farka. Rage hasken allo, kashe sautin wasan, kada ka toshe kunnuwa biyu. Alewa ba ta gudu, gobe tana nan.

Akwai kuma wasannin neman abin da aka ɓoye, irin Mystery Case Files da kamfanin Big Fish na Amurka ya fara a 2005, da June's Journey na kamfanin Wooga da ke Jamus, na 2017. Hoton ɗaki ake ba ka an cika shi da tarkace, a ƙasa a jera sunayen abin da za ka nemo, mafi yawa da Turanci. Da yawansu suna cin data, sai ka zaɓa da lura. Wannan ba wasan mutum ɗaya ba ne, kuma ga yadda ake haɗa runduna: ɗan makaranta ya karanta sunan ya faɗa da Hausa, Inna ta nemo. Idon da ya shekara yana tsince tsakuwa daga cikin shinkafa a faifai ba ya kuskure.

"Inna, saura makulli."

"Ga shi can bisa agogo. Kai mi kake kallo tun ɗazu?"

Kai naka aikin riƙe waya ne da taɓa inda aka nuna maka. Kada ka yi ta dangwala yatsa ko'ina da fatan dace, yawancinsu suna hukunta mai yin haka, su rage masa maki ko lokaci. Fara daga kusurwa ɗaya ka share zuwa ɗaya, ka tuna mai zanen yana son ɓoye dogon abu a jikin dogon abu, sanda a gefen ƙofa, igiya a bakin labule. Abin da ke ci mini rai kawai shi ne ɗakunan duk na wasu ne, da murhun dumama ɗaki da kayan shayin Ingila. Ina fatan wani ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya zana mana kasuwar Sabon Birni da cikarta, a ce mu nemo ludayi, maburgi, zabira da tandu, sunayen kuma da Hausa. Ya haɗa mana da dara mai gidaje talatin wadda za a buga ba data. Ni ne farkon mai sauke ta.

'Yan kallo ba a korarsu, a dara ma da su ake yi. Ka dai kafa doka tun farko: baki ya yi magana, hannu ya zauna a aljihu. Yaro in ya ari waya, ƙirga rayukanka a gabansa kafin ka miƙa.

Saura abu mafi nauyi. Wata rana Bayarabe mai shagon kayan waya zai juyo maka da allonsa, ka ga ya wuce ka da mataki ɗari biyu, yana dariya har da riƙe ciki. Kada ka nuna ya taɓa ka, taubashi ne, da ma abin da yake jira ke nan. Gyara hularka, ka ce masa ai dole bawa ya riga ubangidansa shiga daji ya share hanya. Zai ce su ne iyayen gidan, ku yi ta yi har a kira Magariba. Kafin ku rabu, ka haƙa gidaje talatin a ƙofar shagonsa, ka miƙa masa tsakuwa goma sha biyu, ka aika yaro ya kira Kawu.