Shimfiɗar Tebur Ta Koma Kwano: Laifin Wa?

Ina cikin jama'ar da suka yi imani cewa ba a taɓa zaluntar wani abu a Sabon Garin Minna kamar yadda ake zaluntar zaren saƙa ba. Mace za ta je Kasuwar Kure ta zaɓo zare mai kyau, ta zauna da kwarashi da niyyar yi wa amarya shimfiɗar tebur, kafin ta kai zagaye na goma abin ya tattare baki ya zama kwano. Nan take sai a yanke hukunci: zaren ne jabu, ko kuwa bakin maƙwabciya ne da ta leƙo ta yaba ba ta ce tubarkalla ba. Ni kuwa na ce a saki zare, a wanke maƙwabciya. Mai laifin yana nan manne da kafaɗarmu, wato hannu, tare da abokinsa ƙin ƙirga.

Hujjata lissafi ce, kuma lissafi ba ya jin lallashi. Duk zagayen da aka ƙara ya fi na bayansa tsawo, don haka dole ƙullinsa su ƙaru. Idan da gajeren ƙulli ake saƙa, ana farawa da 6, kowane zagaye a ƙara 6: 12, 18, 24. Idan dogon ƙulli ne, 12 ake ƙarawa. Wadda ta yi rowar ƙari, gefen saƙarta zai rasa wurin miƙewa ya tashi sama. Wadda ta yi almubazzaranci, gefen zai yi ta lanƙwashewa har a rasa gabansa da bayansa. Wannan na biyun ma ilimi ne: a 1997 Daina Taimina, malamar lissafi 'yar Latbiya a Jami'ar Cornell ta Amurka, ta yi irin wannan ƙarin da gangan don ta nuna wa ɗalibai wata siffa mai wuyar yi da takarda. Ita ta yi suna a duniya, mu a nan dariyar dangin miji muke samu.

Za a ce mini ai mai kusurwa huɗu ma yana naɗewa, alhali babu zagaye a cikinsa. Haka ne, kuma nan ne hannu ke tona kansa. Mai saƙa da ta fara sarƙar farko tana cikin fushin kuɗin cefane za ta ɗaure ta tamau, in zuciya ta huce sai layukan sama su saki, ƙasa ya ja ya lanƙwashe. Maganin shi ne a yi sarƙar da kwarashin da ya ɗan fi girma, a zagaye aikin da baki, a kuma daina saƙa ranar da aka yi faɗa.

Sai masu cewa dutsen guga zai gyara komai. Jiharmu ta Neja ce ke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Shiroro, amma gawayi bai yi ritaya a gidajenmu ba, kuma gawayi bai san sassauci ba. Galibin zaren kasuwa na roba ne. Da ya ji wuta sai ya narke, ya yi ƙyalli, ya mutu a miƙe. Masu dannewa ƙarƙashin katifa kuma hutun kwana biyu kawai suke saya, wankin farko zai dawo da kwanonsu. Abin da ke aiki, musamman ga zaren auduga, shi ne a jiƙa, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa, a kafe gefuna da fil, a bari ya bushe a inuwa. A zafin Maris na Minna ba ya ɗaukar lokaci. Amma wannan ladabtarwa ce ga ƙaramin lanƙwasa, ba ta haifar da ƙullin da ba a saƙa ba.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne cewa kakanninmu sun saƙa faifai ba su ƙirga komai ba. Sun ƙirga mana, da ido da yatsa, suna ajiye shi a ƙasa lokaci lokaci su ga ko ya kwanta. Mu ma mu riƙa ajiyewa, in gefe ya fara ɗagawa a warware zagaye biyu tun da wuri. In kuma girman kai ya hana warwara, to a ci gaba da saƙa har ƙarshe, a ɗaura masa igiya, a kai gidan suna a ce dama hular jariri aka nufa.