Ina Hirar Tarakta Ta Tsaya?

Duk inda masoyan tarakta suka taru, a inuwar gareji ne ko wajen baje kolin kayan noma, doka ɗaya suke kafawa: tarakta ce ta tara mu, kada kowa ya sako wani zance. Kafin shayi ya huce an karya ta. Ni dai taraktar nake ɗora wa laifi, don aikinta ke nan ja. A ɗaura mata garma ta ja, a ɗaura haro ta ja, tsadar taki ma in an ɗaura ba ta gardama.

Mai fara karya dokar shi ne Malam Tarihi. Wani ya koka cewa haidirolik ya ƙi ɗaga garma, sai Malam ya gyara zama: "Ƙanena, ka ma san wanda ya ƙirƙiro ƙarafan nan uku masu riƙe garma?" Shi ke nan, an tafi wajen Harry Ferguson na Ailan ta Arewa, da alkawarin baka da ya ƙulla da Henry Ford a 1938, da yadda jikan Ford ya warware shi, da shari'ar da aka sasanta a 1952 kan dala miliyan 9.25. In ba a yi sa'a ba har ƙuryar kudancin duniya za a kai, inda Edmund Hillary ya isa da taraktocin Ferguson a 1958. Duk gaskiya ne, ba kuma mai iya cewa ya bar layi. Garmar bawan Allah dai tana ƙasa.

Ɗan fasa-ƙwauri kuwa motar tsere ce a ransa. Ya san za a hana shi, sai ya biyo ta gona: ai Lamborghini da tarakta ya fara a 1948, motoci sai 1963. Da an gyaɗa kai, ya wuce da kayansa, sai dai a tsinci jama'a suna lissafin motocin 'yan ƙwallo.

'Yan launi ba sa barin layi ko taku ɗaya, amma ba sa cewa komai. Ja ta Massey Ferguson, kore ta John Deere, a yi ta yi har la'asar ba wanda ya ambaci inji. Ɗan talla ma ba ya ɓata lokaci: kowace matsala aka kawo, akwai wani da ya sani mai fiston na Beljiyam.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne Ɗan siyasa. Wani dattijo ya tuna zamanin da ake harhaɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, sai ya cafke: "To, Alhaji, wa ya kashe su?" Daga kuɗin litar gas zuwa Abuja numfashi uku ne a wurinsa. A nan kam ina ɗan tsaya masa. A ƙasar da manomi ke jiran taraktar haya ta gwamnati har lokacin huɗa ya wuce, raba tarakta da siyasa sai mai dogon haƙuri. Matsalarsa ɗaya, in ya tafi ba ya dawowa.

Baba mai shanun huɗa tambaya ɗaya yake zuwa da ita kullum: "Taraktar taku tana ba da taki?" Furfura ta hana a tsawata masa, amsa kuma ta gagara.

Sai Sarkin Doka, mai "Jama'a, a dawo kan tarakta." Duk majalisar ba wanda ya kai shi cin lokaci, don kowace tsawa tasa sabuwar shari'a take haifarwa. Ƙaramin injin da ake turawa da hannu a gonakin shinkafar Kadawa tarakta ne? Injin girbi fa? Babbar fitinar ita ce taraktar da ta kai kayan amarya ƙauye. Bayan doguwar muhawara Sarki ya yanke hukunci: tirela tana cikin layi, gado da katifa ma sun shiga a matsayin lodi, amarya ce dai ba za a taɓa ba. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce, abokan ango da suka zauna a kan madigadi fa? An ɗage zaman sai Asabar.