Hutun Bature

A tsibiran Shetland, can arewacin Sikotland, Bature kan zuba kuɗi masu kauri ya kama ɗan gida a bakin teku. Ba kuku, ba mai aiko da kwano. Shi zai yi cefane, shi zai dafa, shi zai wanke tukunya, ga sanyi yana ratsa ƙashi. Wai hutu ke nan!

A Kabo kuwa, kafin baƙo ya gama cire takalmi a zaure, tuwo da miyar kuka sun iso daga maƙwabta. Duk mai son sayen wahala da kuɗinsa, a kawo mana shi bukkar masunta a bakin dam ɗin Guzuguzu. Ga ruwa, sauro kyauta, itacen girki ya nemo da kansa. Ko rabin kuɗin ya bayar, mun karɓa.