Manhajar Kyauta da Tallan da Ke Biyo Ta

Manhajar talla wata 'yar aba ce da ke shiga waya ko kwamfuta a maƙale da manhajar da aka sauke kyauta. Aikinta ɗaya ne, ta riƙa jefo talla a fuskar allo. Duk tallan da aka gani ko aka taɓa, maigidanta ya ci kuɗi, mai waya kuma ya biya da datarsa da cajinsa. Sana'ar ba ƙarama ba ce. A 2017 kamfanin tsaro na Check Point ya bankaɗo wata mai suna Fireball, ya ce ta shiga kwamfutoci miliyan 250. A 2019 ya sake gano wata a wayoyin Android kusan miliyan 25, galibinsu a Indiya.

A kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, hanyar manhajar talla mafi sauƙi ita ce hannu da hannu. Data na da tsada, sabis kuwa idan an nausa dajin Falgore sai addu'a. Shi ya sa manhaja ke yawo ta Xender, ko ta shagon masu turi, inda ake loda wa mutum fim da wa'azi, a ɗora masa gyara.

Irin wannan gyaran ne ya faɗa wa mai wannan rubutu a Kwanar Dangora. Wani yaro mai turi ya yi masa tallan WhatsApp na jabu, wanda aka yi wa kwaskwarima, wai yana nuna saƙon da aka goge. Wayar ta yi gargaɗi cewa ba a san tushen manhajar ba. Yaron ya ce, "Yallaɓai, duk haka suke cewa." Aka danna yarda.

Alamomin ciwon sanannu ne. Waya takan yi zafi a aljihu ba a taɓa ta ba, caji ya zube kafin azahar, datar wata ta ƙare a mako, sannan talla ya fara fitowa ko da ba a buɗe komai ba. Wannan alama ta ƙarshe ba ta da kunya, ba ta san surukuta ba. Ranar wani ɗaurin aure a Tudun Wada, mutumin namu ya durƙusa gaban surukinsa, ya miƙa wayar da hannu biyu. "Baba, ga gonar shinkafar da na kama a wajen Tiga." Dattijo ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. A tsakanin hannu da hannu gona ta ɓace, tallan maganin ƙarfin maza ya cika allo, har da kiɗa. Dattijo ya ce, "To, Malam, Allah ya sa albarka. Amma da ka faɗa wa iyali tun da wuri, da an nemi na gargajiya." Mazauna tabarma suka ce amin.

Kuskuren da aka fi yi bayan wannan shi ne neman manhajar share datti, ita ma ta kyauta. Mutumin namu ya sauke biyu a daren, gari ya waye tallan ya ninku, har ɗaya na tallata ɗaya. Ba shi kaɗai ba ne. A 2022 kamfanin McAfee ya gano wata mai suna HiddenAds a cikin manhajojin share waya da ke Play Store kansa, Hukumar Sadarwa ta Najeriya ma ta gargaɗi jama'a a kanta. Dabararta ita ce ta canza suna da tambari ta koma kamar ta gida.

Cire manhajar talla ba ya buƙatar kuɗin mota zuwa kasuwar waya ta Farm Centre. A yawancin wayoyin Android, a danne maɓallin kashewa, a ɗora yatsa a kan rubutun kashewa har wayar ta nemi shiga sef mod, yanayin da manhajojin da aka sauke ba sa motsi. Daga nan a shiga setin, a bi jerin manhajoji a nemi wadda ba a san ta ba, musamman marar suna ko marar tambari, da wadda ta shigo lokacin da fitinar ta fara. Idan ta ƙi goguwa, ta karɓi matsayin mai kula da waya ne, sai a ƙwace shi a sashen tsaro tukuna. A duba masu izinin fitowa a kan sauran manhajoji, a toshe sanarwar shafukan da ba a sani ba a Chrome, a kunna Play Protect.

A kwamfuta rigakafin yana wajen girkawa. Mai danna ci gaba, ci gaba, ba ya karantawa, shi ake ɗora wa kaya. A zaɓi girkawar da ke nuna abin da ke ciki, a cire alamar yarda daga duk ƙarin da ba a nema ba. Wadda ta riga ta shiga, a goge ta daga jerin manhajoji da ƙare-ƙaren burauza, a bi da AdwCleaner na Malwarebytes, daga shafin kamfanin.

Idan duk ya gagara, a kwashe hotuna da lambobi, a mayar da waya yadda ta fito daga kwali. Haka mai wannan rubutu ya yi. Kamfanin WhatsApp yana rufe lambar masu amfani da na jabu, don haka ko tallan bai zo ba, a sauke na asali daga Play Store.