Kafin Jirgin Alhaji Ya Taɓa Ruwa

 Alhaji, an ce ka sayi jirgin shan iska, fari fat, da injin Yamaha a gindi, kana jiran Asabar ka kwashi iyali a zagaya tafkin Jabi. Allah ya sanya alheri. Sai dai akwai takardu, kuma ba a sayar da su tare da injin.

Fara da rasit. Na san wanda ya sayar maka mutumin kirki ne, kun yi musafaha, an shafa fatiha, dillali ya karɓi la'adarsa. Duk wannan ba ya shiga fayil. Abin da zai tsaya maka shi ne takardar ciniki mai ɗauke da sunan mai sayarwa da naka, kuɗin da aka biya, kamannin jirgin, da sa hannun shaidu. In daga waje aka shigo da shi, karɓi takardun kwastam tun kuɗinka na aljihu, don da zarar an biya wayar dillali kan daina shiga. Lambar injin kuwa, tattare babbar riga ka durƙusa da kanka, ka goge maiƙon da tsumma, ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa da ta rasit. Injin jirgi abu ne da ake kwancewa a saɓa a kafaɗa cikin dare, kuma ba ka so ranar da ka gayyato surukai wani masunci ya tsaya a bakin kwata yana nuna gindin jirginka yana rantse-rantse.

Daga nan sai ofis. Kada ka nufi inda ake yi wa mota lamba, za su ba ka kujera, su saurare ka tsaf, su sallame ka hannu rabbana. Ruwan cikin gida a hannun NIWA yake, hukumar da aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lokoja inda Neja da Binuwai suka haɗu, da ofisoshin yanki a garuruwan bakin ruwa irin su Yawuri. Ita doka ta ɗora wa duba jirage da ba da lasisi. Manyan jiragen teku na hukumar NIMASA ne, naka bai kai can ba ko sau nawa ka yi masa fenti. Legas ma ta daɗe tana ja da gwamnatin tarayya kan wa ke da ikon ba da lasisi a ruwanta, har sai da Kotun Ƙoli ta bai wa tarayya gaskiya a Janairun 2024. Sarkin Ruwa kuwa ka je masa da goronka, musamman in a Kainji za ka yi yawo, don shi ya san inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun kammala madatsar a 1968 suke laɓe. Amma albarkarsa daban, rajista daban.

In za ka rubuta suna a jikin jirgin kuma matanka biyu, sa na mahaifiyarka kowa ya huta.

Ranar da jami'i zai zo dubawa, kada ka ari rigunan ceto a wurin maƙwabci don a ƙirga a mayar. Sayi naka, har da ƙanana na yara, waɗanda in an ɗaure ba sa zamewa ta ka. Sannan ka tambaye shi mutum nawa jirgin zai ɗauka, ka sa mai fenti ya rubuta adadin da manyan lambobi inda mai shiga zai gani.

Wannan adadi shi ne ya sa na rubuto maka. Kai mutum ne mai kunya, kowa ya shaida. Ranar yawon Sallah za ka iso bakin ruwa da mutum takwas a ranka, ka tarar da ashirin, kowa ya ci kwalliya. Gwaggo za ta ce, "Haba ɗan nan, a ɗan matsa mana, wannan ai yaro ne, ba shi da nauyi." Yaron kuwa ya fara gemu. Bayanta ga ƙulli, ga kular abinci, ga abokin ƙaninka da bai taɓa shiga ruwa ba sai na wanka. Da bakinka ba za ka iya hana ta ba. Da takarda za ka iya: ka rusuna ka ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba ni ba ne, hukuma ce. A yi sahu biyu, ke ce a gaba."

Mun ga abin da "a ɗan matsa" ke haifarwa. A Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi da mutane fiye da 100. A Nuwamban shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai, ɗaliban Islamiyya ne ruwa ya ci a hanyarsu ta zuwa Mauludi. A Yunin 2023 kuma 'yan biki ne a Patigi ta jihar Kwara, sama da 100, suna dawowa cikin dare. Duka ukun an ambaci lodin da ya wuce kima. Shi ya sa hukuma ta matsa kan sanya rigar ceto da hana tafiyar dare, kuma jirgin shan iska ma yana ciki.

Saura matuƙi. Direban motarka ya iya hannu, amma jirgi ba shi da birki, kuma ruwa ba ya nuna rami. Nemi wanda ke da lasisin tuƙin jirgi, ko ka je a koya maka ka karɓi naka.

Ainihin takardun ka adana su a gida, kwafi kuma a leda mai rufewa cikin jirgi. Duba wa'adinsu ka sabunta kafin ya cika. Ranar da kuma ka sayar da jirgin, ku je tare da mai saye a sauya suna, in ba haka ba duk abin da ya ɗebo a ruwa ƙofar gidanka za a ƙwanƙwasa.