Baƙin Allura da Zare a Daura

Da zarar wani Alhaji ya jera kekunan ɗinki goma sha biyu a ɗaki ɗaya, ya sayi janareta, ya sa an rubuta allo a ƙofa, to kamfani ya tabbata. Saura ƙafafun da za su taka kekunan. Daura ba ta rasa teloli ba, amma telan gari da ya iya yana da shagonsa da mutanensa, ba zai baro su ya zo inda za a ce masa ya makara ba. Sai Alhaji ya shiga buge-bugen waya: Kano, Zariya, Kaduna, har Damagaram. Kwangilar kayan makaranta ta faɗo, ga Sallah tafe, ga mahaya suna son manyan riguna. Alkawarin da ake yi wa kowa iri ɗaya ne: akwai ɗaki, akwai abinci, aiki ba ya yankewa. A kan wannan mutane suke naɗe tabarma su hau mota, wasu ta Kazaure, wasu ta Mashi, wasu su tsallako ta Kwangwalam.

Wanda kunne yake fara sani kafin ido shi ne Bakano. Bai gama sauke jaka ba zai tambayi inda ake sayar da zare. A nuna masa, ya ɗaga ya duba ya ce, “Wannan ai a Ƙofar Wambai ko yara ba sa ɗauka.” Shaddar da aka kawo masa ba ta kai ta Kwari ba, shayin garin ruwa ne zalla, ko zafin ranar ma a wurinsa bai kai na Kano inganci ba. Ranar da aka kai shi Kusugu, kamar yadda ake kai kowane baƙo a makon farko, ya leƙa rijiyar ya ce su a Kano dutse gare su sukutum, Dala. Wani dattijo da ke zaune a gefe ya ce, “Haka ne, yaro. Amma Bagauda da ya fara sarautar Kano ɗan Bawo ne, kuma daga nan gidan ya fita.” Ranar dai an ji kunne har la'asar.

Shi “na ɗan lokaci” ya zo, don haka ba ya sayen katifa, ba ya sayen bokiti, na maƙwabci yake ara shekara da shekaru. Ranar Alhamis ya bi motar Kano wai zai saro zare da maɓallai, Asabar da hantsi ya dawo da leda ɗaya da labari buhu guda. A faɗi gaskiya, hannunsa akwai sauri. Kafin wani ya gama haɗa wando shi ya sauke kaftani ya rataye. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne dalilin da ya sa gwani irinsa ya baro Kano. Masu bin diddigi sun ce akwai yadukan mutane da suka maƙale a hannunsa tun wata Sallah, kuma masu su ba su da mantuwa.

Daga 2015 zuwa 2023 Daura ta yi wani irin baƙo da ba ta saba da shi ba. Shi ba ɗinki ne ya kawo shi ba, lissafi ne: shugaban ƙasa ɗan Daura ne, saboda haka duk Badauri yana da lambar wani a Abuja. Takardunsa suna cikin ambulan a aljihun keke, kullum a shirye. Duk wanda ya shigo awo da hula mai tsada sai ya zube ya gaishe shi, ya auna ƙirji sau uku don hira ta yi tsawo, yana cikin auna hannu ya sako, “Ranka ya daɗe, ni fa ina da difloma.” In Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya zo gida Babbar Sallah, jiniya ta cika gari, ba a ganin mutumin nan a kan keke. Yana bakin titi yana ɗaga wa motoci masu baƙin gilashi hannu. Har mai shayin unguwa ya sha fadanci a wurinsa, alhali shi ma ɗansa na gida da digiri yana taya shi yanka burodi. Mulki ya ƙare, ambulan ta yi laushi, amma bai karaya ba. Yanzu jirgi yake jira. Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai ratsa ta Daura, ya gama tsara cewa shi zai ɗinka wa ma'aikatan tasha yunifom. Har launi ya zaɓa.

Sai manaja. Yawanci ɗan ƙanwar Alhaji ne ko abokin ɗansa, ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, aiki bai samu ba, aka ce ya zo ya tsara wurin. Ya iso da kwamfuta da dokoki. Kowa ya sa hannu ƙarfe takwas. Rabin kuɗi kafin alƙalami. Kaya ba ya fita sai da rasit. Dokar ta yi lafiya har ranar da wani yaro ya zo karɓar manyan riguna biyu, manaja ya ce ina rasit, yaro ya ce daga gidan Hakimi aka aiko shi, manaja ya ce ko daga ina ne. Alhaji ya fito da sauri har takalmi ɗaya ya tsaya a baya: “Kai, ba shi! Rufa mini asiri, a garin nan nake kwana.” Daura gari ne na sarauta, ba a tare yaron mai rawani a ƙofa a kan 'yar takarda.

Maganar ƙarfe takwas kuwa, yau suna, gobe ta'aziyya a Sandamu, jibi ɗaurin aure a Zango. Lahadi kowa yana da ɗan uzuri a kasuwar Mai'aduwa, in damina ta faɗi rabin ma'aikata suna gona. Ba a cika shekara ba kwamfutar ta koma hannun yaran shago suna kallon fim, shi kuma manaja ya sayi littafi mai dogon bango irin na kowa, yana rubuta: “Alhaji na bayan masallaci, shadda yadi goma, zai aiko.”

Wanda ni nake cire wa hula shi ne Baba na Kakuri. A masaƙar Kaduna ya yi ƙuruciyarsa, waccan da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, kuma har yau in aka taɓo zancen haƙƙin sallama sai ya yi shiru ya kalli ƙasa. Shi kaɗai ne dokar ƙarfe takwas ba ta dame shi ba, don bakwai da rabi yana ƙofa yana jiran mai makulli. Jikinsa bai manta da jiniyar canjin aiki ba. Ba ya yawan ɗinki, likitan kekuna ne. Da kunne yake gane ciwo. Yana daga can ƙurya zai ce, “Kai, ɗan nan, tsaya, za ka karya allura,” kafin yaro ya ɗaga ƙafa ta karye. Sai ya taso a hankali, ya kwantar da kan keken, ya zare kwarkwaro, ya hure, ya fito da tsohon buroshin haƙori daga aljihu ya share ƙurar zare daga haƙoran keke, ya ɗiga mai sau biyu daga wata 'yar kwalba da ba ya ba kowa aro. Ya sa ƙyalle ya taka, ya juya bayan ɗinkin ya duba, sannan ya tashi ba tare da ya kalli yaron ba.

Matsalarsa ɗaya: ya san yadda kamfani yake. Watan farko ya tambayi Alhaji hutun shekara da kuɗin ƙarin lokaci, Alhaji ya zaci barkwanci ne ya yi ta dariya. Ya yi ƙoƙarin kafa ƙungiyar ma'aikata, aka taru sau ɗaya, taron ya rikiɗe ya zama adashi. Duk yadin da aka kawo sai ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya ce, “Na Sin ne,” sannan a sha labarin lokacin da audugar Funtuwa da Malumfashi take shiga masaƙa ta fito atamfa. Yaran sun haddace labarin, wani lokaci su suke ƙarasa masa. Amma ranar da ya kwanta zazzaɓi kekuna huɗu suka tsaya.

Ɗan Damagaram bai yarda shi baƙo ba ne. In an ce masa ɗan Nijar sai ya ce, “Mu da Daura ai Bature ne ya ja layi.” Aikin wuya shi ne fagensa, kuma ba a yi masa gaggawa, 'yar butar shayinsa tana kan gawayi daga safe har dare, sai an sha na ɗaya da na biyu da na uku kafin a san ranar karɓar riga. Da santimita yake awo, sauran shago da inci, wanda ya sa aka taɓa ɗinka wa wani ƙato wandon da sai ƙaninsa na firamare. Albashi na shiga hannunsa zai juya shi zuwa sefa a ka, ya ga jika nawa ya zama, ya yi salati. An rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma ko suna ɗaya bai wuce shi a gida ba. In an tambaye shi ta ina ya bi, sai ya ce ta gonar kawunsa.

Akwai na Aba, mai yanka. Ya zo a tsorace, uwarsa tana bugo waya safe da yamma. Da takarda yake fitar da fasali, ya jera yadi ninki-ninki ya yanke wandunan makaranta ashirin a zama ɗaya, teloli suna kallo suna cewa wannan ba ɗinki ba ne, yankan kabewa ne. Hausar farko da yaran shago suka koya masa ashar ce, suka ce masa gaisuwar manya ce, ya kuwa gwada ta a kan surukin Alhaji. Hunturun farko ya kusa mayar da shi gida. Yau hura yake cewa ba fura ba, ya san inda ake dama mai kyau, kuma in ya je Kirsimeti da babbar riga mutanen garinsu Alhaji suke ce masa.

Gwauro shi ne asarar kamfani, ko da yake ba a ganewa da wuri. Ɗakin da aka yi masa alkawari ya tarar sito ne, a kan dilolin yadi yake kwana. Ya fita neman haya, ya tarar tun da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Sufuri, masu gidaje sun san darajar ɗaki, kuma tambayarsu ta farko ita ce, “Malam, da iyali?” Sai wata tsohuwa mai ƙosai ta tausaya masa. Ta fara da gyara, ta koma aiko masa da tuwo da dare, kuma kullum jikarta ce take kawo kwanon. Shi yana ganin kirkin mutanen Daura ne kawai. Kafin Sallar Gani ta zagayo yana zaune yana ɗinka kayan lefensa da kansa. Bayan biki suruki ya ce ga shago nan a jikin zaure ba kowa a ciki. Ya tashi da kekensa, da yaro ɗaya, da rabin masu kawo wa Alhaji ɗinki. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wannan raɓar ta yi saiwa.

Mafi hatsari a cikinsu ba ya zuwa sai watan Sha'aban. Ba jaka, ba keke, almakashi kawai a aljihu da baki mai zaƙi. Ya yi aiki a Abuja, ya ɗinka wa sanatoci, sunayensu ne ba ya son faɗa. Kwana uku na farko aikinsa ba a magana, sai Alhaji ya ba shi kuɗi a gaba don kada wani ya ɗauke shi, bai san ya riga ya karɓi na wani mai shago a Ɓaure ba. Azumi na tsakiya ya fara karɓar ɗinki ta bayan fage. Duk wanda ya zo, “Gobe bayan tarawihi, in sha Allahu, maɓalli kawai ya rage.” Daren Sallah janareta yana kuka, dutsen guga uku suna aiki, mutane sun yi layi har waje, wani ya gano shaddarsa ko yankawa ba a yi ba, a kanta ma tela yake zaune. Wajen ƙarfe biyu mutumin ya ce bari ya kama ruwa. Buta aka tarar a bakin lungu. Wayarsa a kashe har bayan Hawan Magajiya, kuma a wajen hawan ne wani bawan Allah ya hango yadinsa a jikin wani yana ta ɗaukar hoto.

Kai da aka bugo wa waya aka ce ka taho Daura akwai aiki, taho, garin yana karɓar baƙo. Amma kafin ka ɗora kekenka a mota ka tambaya ko a wata ake biya ko a kan riga, ka tambayi wanda yake sayen man janareta, kuma ka sa a turo maka hoton ɗakin. Kai kuma Alhaji, duk telan da ya zo maka a Sha'aban ba jaka, kada ka ba shi ko sisi sai an sauko daga Idi.