Bunsurun da Ya Raka Mu Gasar Ƙwallon Kwando

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shatar mota ta zama sai wane da wane. Ni kuwa malamin wasanni ne a wata sakandare a Zuru, ga gasar ƙwallon kwando ta 'yan makaranta a Birnin Kebbi ta ƙarato. Shugaban makaranta ya miƙo mini ambulan wadda ko iska ba ta cika ta ba, ya ce, "Malam, a yi tattali."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an zo wurin."

A tasha, kuɗin da kwamisho ya yanka mini na bas sai da na nemi wurin zama. Can na hangi wata kanta za ta kai awaki Jega. Muka yi ciniki da direba a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin bas. Na sace iskar ƙwallayenmu don su shiga buhu, na sayi garin kwaki da ƙuliƙuli da sukari, na ɗura 'yan wasa goma sha biyu, dogaye zanƙal-zanƙal, a tsakanin awaki.

Daga Dabai zuwa Mahuta, duk ramin da muka faɗa sai yara su yi salati, awaki su amsa. Kyaftin ɗinmu ya naɗe ƙafafu har gwiwarsa na taɓa kunnensa, wani jan bunsuru mai gemu ya kafa masa ido. Kafin mu kai Koko sun saba, har yana ba shi ƙuliƙuli.

Muna sauka a Jega yaron ya matso yana sosa ƙeya. "Malam, ya ci fayil."

"Wa ya ci?"

Ya nuna bunsuru. Yana tsaye yana tuƙa, guntun takardar haihuwa mai hatimi na reto a leɓensa. Gasar matasa kuwa ba a shiga fili sai an tantance shekaru, kuma takardar da ya fara cinyewa ta kyaftin ce, wanda gemu ya riga ya fara tsiro masa. Mai awaki ya zo yana faɗa, wai in tawada ta ɓata wa dabbarsa ciki ni zan biya. Na biya kuɗin kanwa aka ɗura masa.

Daga nan kuɗi suka fara zuba: motar Birnin Kebbi, hotunan fasfo, takardar rantsuwa a kotu ta kowane yaro, sai mai faci da ya hura ƙwallaye, don famfonmu ya bi kanta ya tafi. Muka kwana a aji a kan benci, sauro ya karɓi nasa kason.

Da safe babu kuɗin sabulu, haka muka shiga fili. Alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama, sai na ga ikon Allah. Duk ɗan wasan da ya matso zai tsare yarona sai ya yamutsa fuska ya ja da baya. Kocinsu na ta ihu, "Ku manne musu!" Ina! Warin bunsuru ya buɗe mana hanya fetal har gindin kwando. Yarana na jefawa a natse, babu mai ɗaga musu hannu. Muka ci wasan farko. Da rana wani mai tausayi ya ba su sabulu suka yi wanka, da yamma aka lallasa mu.

Da muka dawo, shugaban makaranta ya duba lissafi, ya ga abin da muka kashe ya haura kuɗin bas. Ya cire tabarau ya ce, "Malam, mene ne wannan, kanwar bunsuru?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin magani ne na ɗan wasan da ya fi kowa yi mana aiki."